Wanda Ya Yi wa Attajiri Aski

Ƙawata, matso kusa, ki ajiye abin da ke hannunki. Kwanaki kin tambaye ni abin da ya sa baban yarana ya rabu da gashin bakin da ya yi shekara da shekaru yana tattali, na yi murmushi na canza zance. Yau ga amsar a rubuce, da wannan rubutun nawa na koyon kai. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki.

Kin san bayan rasuwar Baba surukina, Inna mahaifiyar baban yara ta dawo wurinmu da zama. Akwati ɗaya ta zo da shi, sai keji. A cikin kejin akwai ɓerayen Masar guda biyu. Sunan ne kawai na ɓera: ba su da wutsiya, ba sa hawa bango, ba sa shiga kwanon kowa. Dunƙulallu ne, sai ido da haƙori. Ɗayan gashinsa dogo ne har ƙasa, yana tafiya yana jan sa kamar mai doguwar riga, shi ta sa wa suna Attajiri. Ɗayan gajeren gashi gare shi, kuma da ya ji motsin leda ko daga ƙofar gida ne sai ya miƙe ya hau kuka, shi ne Maroƙi.

Su ne abokan hirar Inna. Da ta idar da sallar asuba sai ta jawo kujera gaban kejin, ta share musu, ta zuba busasshiyar ciyawa, ta yanka karas da ɓawon kokwamba, tana ba su labarin Baba kamar sun san shi. Ba ta karyawa sai sun karya. Ni da nake kai mata shayi na sani, ranar da aka ɗauke kejin nan, Inna ba za ta ƙara tashi daga katifa da son ranta ba.

To gidan da muke ciki na haya ne, kuma Alhaji mai gidan yana da doka: ba kaza, ba kyanwa, ba tantabara. Rannan ya zo duba famfon tsakar gida, na dawo daga cefane, leda ta yi motsi, Maroƙi ya ɗaga murya.

"Mene ne wannan?" in ji Alhaji.

Ya leƙa barandarmu ya gani. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ni ina sayen maganin ɓera, ku kuna yanka masa karas?"

Inna ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ga baban yara ya fito da tawul a kafaɗa. Kin san shi. Mai aski ne, amma a allon shagonsa cewa ya yi a rubuta Injiniyan Kai. A faɗarsa babu manaja ko ango a garin nan da bai taɓa sunkuya masa ba.

"Alhaji, kwalliya ce ba su samu ba. Ka ba ni 'yan kwanaki. Kan da ya shiga hannuna bai taɓa fita da kunya ba. In na gama da su, kai da kanka za ka roƙi a ba ka aronsu ka ajiye a falo."

"Ni?"

"Kai, Alhaji. Har hoto za ka ɗauka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce ranar Asabar ta sama zai dawo tare da mai sayar da tsuntsaye na bakin kasuwa. In sun burge shi, su zauna. In ba su burge shi ba, mai tsuntsaye ya tafi da su a ranar.

Aiki na farko da Injiniya ya yi shi ne kwashe ciyawar kejin kaf ya kai bola.

"Auta," in ji Inna, don haka take kiransa har yau da furfurarsa, "ciyawar nan ita ce abin taunarsu. Haƙoransu ba sa daina tsiro. In ba su tauna ta ba, wani abu za su tauna."

"Inna, wannan kiwon zamanin da ne. Kin taɓa shiga shagona kin ga ciyawa?"

Ya shimfiɗa musu farin tawul. Ya taje Attajiri, ya raba masa gashi a tsakiya, ya barbaɗa masa hoda har bawan Allah ya yi atishawa. Maroƙi kuwa kallo ɗaya ya yi masa ya ce wannan ba shi da abin da za a yi aiki a kai, ya zauna a matsayin ɗan rakiya.

Washegari da safe muka ji shiru a baranda, irin shirun da ba na lafiya ba. Na fito na tarar da shi tsugune, ya ɗaga Attajiri sama yana juya shi a haske. A gefen cinya gashin ya gutsire, faɗin tafin jariri.

"Almakashi ne," ya ce a hankali. "Almakashi marar kaifi. Dubi yadda ya tauna gashin maimakon ya yanka. Kuma dubi inda ya faro." Ya ɗago ya kalli ɗakin da ke kusa da famfo. "Hannun hagu ne."

Mai ɗakin kusa da famfo shi ne Bahago. Shi ma mai aski ne, shagonsa na kallon na baban yara, titi ne kawai tsakani. Sun yi shekaru suna gaisawa da haƙora.

"Ya ji Alhaji zai ga aikina, hankalinsa ya tashi," in ji baban yara. Ya ɗauko almakashinsa ya rage ɗaya gefen don su zo daidai, ya ce ai gajeren yayi ma ya fi.

Da rana ina tsintar shinkafa na ga abin da idona. Maroƙi ya zagaya kejin yana neman ciyawa, ya ɗanɗana tawul bai yi masa ba, sai ya matso bayan ɗan'uwansa ya kama gashi ya hau tauna, hankali kwance. Shi kuma Attajiri ko motsi bai yi ba, kamar wanda ya biya kuɗin askin.

Da baban yara ya dawo na ce, "Baban yara, ni fa na ga mai yin askin nan. Maroƙi ne."

"Kin taɓa riƙe almakashin aski?"

"Ban taɓa ba."

"To ki bar wa masu shi."

"Ɗan'uwansa ne ke cin sa, Auta," in ji Inna daga ɗaki. "Mayar musu da ciyawarsu."

Ya yi dariyar tausayi. "Inna, ɓera ya san layi? Dubi nan, an sauko an karkata. Wannan mutum ne da ya koyi sana'a bai ƙarasa ba. Na san hannunsa kamar yadda na san nawa."

Haka aka shiga yi. Da safe a tarar da sabon gurbi, baban yara ya daidaita. Gari ya sake wayewa a tarar da wani, ya sake daidaitawa. Attajiri ya sauko daga doguwar riga zuwa taguwa, daga taguwa zuwa singileti. Matan gida in sun zo ɗiban ruwa sai su leƙo su ce, "Maman yara, yau wane yayi aka shiga?" Ni dai in ce musu Allah ya ba mu lafiya.

Ya sayo kwaɗo ya garƙame kejin, ya rataya makullin a wuya, da shi yake wanka. Da safe gurbi ya fito a wuyan Attajiri.

"Ta tsakanin wayoyi yake zuro almakashin," ya ce. "Mutumin nan ba ya tsoron Allah."

Sai ya yanke shawarar gadi. Ya rufe shago ranar Alhamis, ya ce zai yi kamar ya fita, ya zagayo ya zauna ya kama Bahago hannu dumu-dumu. Ya shimfiɗa tabarma jikin kejin, ya lulluɓa da zanena don kar a gane shi, ƙafafunsa da takalmansa a waje. Ya ci abincin rana a ƙarƙashin zanen, ya ƙoshi. Kafin la'asar munshari ya fara tashi, kumatunsa manne da wayar kejin.

Ina raka'a ta biyu ta sallar la'asar na hango Maroƙi ta wutsiyar ido ya matso. Ya shinshina. Gashin bakin nan kin san shi, baƙi, mai kauri, kullum da mai, gefensa a murɗe. Ɓangare guda ya leƙa cikin kejin. Ƙawata, ba zan katse salla don gashin baki ba. Inna kuwa tana zaune a kujerarta da carbi, tana kallo daga farko har ƙarshe. Da na sallame na ce, "Inna, ba ki tashe shi ba?"

"Ya gaji," ta ce. "A bar shi ya huta."

Da ya farka ya shafa fuska, ya nemi madubi. Ya daɗe yana kallo. Ya sa takalmi a karkace ya fita. Na yafa mayafi na bi shi, don in za a yi abin kunya gara a yi ina kusa.

Bahago na tsakiyar yi wa wani direba gyaran fuska, kumfa har kunne. Baban yara ya tsaya a bakin ƙofa.

"Dabba ba ta ishe ka ba, sai ka hau kaina?"

Bahago ya juyo. Ya kalli rabin gashin bakin, ya kalli ɗaya rabin. Ya ajiye reza a hankali, kamar mai tsoron kar dariya ta sa ya yanka mutum.

"Oga, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Kai za ka tambaye ni? Ina barci ka lallaɓo."

"Ni tun safe ina nan. Tambayi direba."

"Tun safe nake nan," in ji direba ta cikin kumfa. "Ai shi ya sa nake cewa ba shi da sauri."

"Zauna in daidaita maka," in ji Bahago. "Kyauta. Maƙwabtaka ta wuce wasa."

"Hannunka ya ƙara taɓa ni? Hagun nan da ko layin wuya ba ta iya fitarwa?"

"Hagun tana fitar da gefe biyu dai, Oga. Dama ce na ga ta tsaya a ɗaya."

Kafin ka ce me, mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya bar taya, masu jiran mota sun bar layi. Baban yara ya ga taro, kuma shi in ya ga taro ba ya iya komawa gida da magana a ciki. Ya juya ya fuskance su, ya ce duk wanda ke son ganin bambancin gwani da ɗan koyo ya zo gidanmu ranar Asabar. Zai nuna dabbar da maƙiyi ya yi wa ɓarna, shi kuma ya mayar da ita abin kallo. Bayan nan zai kama sunan maƙiyin a gaban Alhaji.

"Zan rufe shago in zo," in ji Bahago. "Ka ajiye min kujerar gaba."

A gida ya zauna gaban madubi zai daidaita gashin bakin. Ya rage dama, ta fi hagu gajarta. Ya rage hagu. Ya koma dama. Da aka kira magariba leɓensa na sama ya fito fili, fari tas, wurin da rana ba ta taɓa gani ba tun kafin aurenmu. Ƙaramar 'yarmu ta shigo ta gaishe shi da "Sannu da zuwa, baƙo."

Ranar Juma'a da yamma ya ce lokacin gyaran ƙarshe ya yi, kuma almakashi ya yi kaɗan, injin aski zai sa. Inna ta ce dabbobin nan ba sa son ƙara. Ya ce ai jarirai ma ya yi wa. Ya kunna inji, Attajiri ya zabura, injin ya zarce daga wuya har gindi, ya buɗe hanya ɗoɗar a tsakiyar baya. Baban yara ya kalli hanyar, ya ce babu komai, sai a bi sauran a daidaita. Da ya gama daidaitawa, abin da ya rage a jikin Attajiri ɗan tsiro ne a tsakar ka. Sauran kuwa fata ce ja-ja mai tattara, kamar dankalin da aka fere aka sa masa ido.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta naɗe shi a gefen mayafinta ta rungume, yana rawar sanyi. Na ga hawaye ya sauko mata ta share da bayan hannu. Gara a ce faɗan ta yi.

Shi kansa ya ga abin ya fi kama da ɓera yanzu fiye da ranar da Alhaji ya gan shi. Ya yi zagaye biyu a baranda, sai fuskarsa ta washe. Ya tafi shago ya dawo da leda cike da gashin da ya share a ƙasa. Ya buɗe akwatina ya ɗauko safa, ya yanke mata kai da ramukan ƙafa huɗu.

"Maman yara, ɗinka min gashin nan a jiki."

"Ba zan sa hannuna a yaudara ba."

"Ba yaudara ba ce, gyara ne. Manyan mutane ma suna sawa."

"To manyan mutanen su ɗinka maka."

Shi ya ɗinka abinsa, yana soke yatsa yana tsotsa.

Asabar da hantsi tsakar gidanmu ta cika har bakin famfo. Mai shayi, mai faci, direba, matan gida a jikin tagogi. Bahago ya zo da kujerarsa daga shago ya dasa a gaba. Alhaji ya iso da mai tsuntsaye, wani siririn mutum da kwando a hannu. Inna na zaune a gefe, carbinta na tafiya da sauri fiye da kullum.

Baban yara ya ɗora kejin a tebur, rufe da tawul. Ya sa farar rigar aiki. Ya yi jawabi a kan shekarunsa a sana'a, da hassada, da yadda gwani ke gyara ɓarnar ɗan koyo, yana kai hannu zai murɗa gashin baki yana tarar da wayam. Sannan ya yaye tawul.

Attajiri na tsaye a tsakiyar keji cikin safa, gashi ya yi cirko-cirko ta ko'ina, wani baƙi, wani fari, wani murɗaɗɗe, wani miƙaƙƙe.

Alhaji ya sunkuya. "Wancan karon kala ɗaya na gani."

"Irinsu ne haka, Alhaji. Na asali. In suka samu kulawa sai kalolin su fito."

Mai shayi ya matso ya ƙura ido. "Wannan furfurar ta gefen kamar tawa ce. Jiya jiyan nan na bar ta a shagonka."

"Furfura duk kama take yi."

"A'a, tawa na san ta."

Ana cikin haka Maroƙi ya fito daga lungu. Kwana da kwanaki bai ga ciyawa ba, ga shi yau an kawo masa tuli guda. Ya zagayo ta baya, ya kama furfurar mai shayi, ya ja. Attajiri ya yi gaba, Maroƙi ya yi baya. Safa ta zame a hankali, Attajiri ya fito ta gaba tsirara ya tsaya yana kallon jama'a. Maroƙi ya tauna abin da ya samu, bai yi masa daɗi ba, ya tofar. Sai ya tako ya ɗora ƙafa a wuyan ɗan'uwansa, ya kama ɗan tsiron tsakar kan nan, ƙeras, ƙeras, ya sauko ya karkata, ya bar gurbi irin wanda muka saba tarar da shi da safe.

"Oga," in ji Bahago, "ga ɗan koyon naka. Kama sunansa a gaban Alhaji."

Dariyar da aka yi, har matar da ke ɗakin sama ta zauna a kan matakala tana riƙe ciki. Baban yara ya tsaya da tawul a hannu. Ya yi gyaran murya.

"Dama na daɗe ina zarginsa," ya ce.

Alhaji ya share ido ya ce ya yi dariya kam, amma bai burge shi ba, kuma magana magana ce. Ya yafito mai tsuntsaye. Mutumin ya leƙa kejin ya ja da baya.

"Wannan mai ƙazwar ba zai shiga shagona ba, ya kashe min zomaye. Mai gashin dai zan ɗauka."

"Ba ƙazwa ba ce, aski ne," in ji baban yara, da sauran alfahari a muryarsa.

"Ko ma mene ne, ba na so."

Inna ta miƙe. Ta ce wa baban yara ya buɗe kwaɗon, ta ciro Attajiri. "Ba a raba su," ta ce. "In aka tafi da ɗaya, ɗayan zai daina ci ya mutu. Alhaji, gida naka ne. In ka ce a fitar, a fitar. Sai dai ni ba zan iya ajiye shi a titi haka ba. Ungo, kai ka ajiye shi."

Ta sa masa shi a tafin hannu kafin ya janye. Alhaji ya tsaya da ɗan abin nan mai ɗumi yana karkarwa a hannunsa, ya rasa inda zai kalla. Attajiri ya cusa kai cikin hannun rigarsa.

"Hajiya, karɓi abinki," ya ce can. "Ba za a tambaye ni hakkinsa ranar gobe ƙiyama ba. Su zauna har gashin ya dawo. Amma ranar da ya dawo, su biyun za su tafi." Ya nuna baban yara da yatsa. "Kai kuma kar ka ƙara taɓa shi."

Kafin taro ya watse Inna ta aika an sayo ciyawa. Maroƙi ya faɗa cikinta yana tsalle, daga ranar bai ƙara kallon gashin kowa ba. Ba a daɗe ba gadon bayan Attajiri ya fara yin duhu, gashi ya fara tsirowa lafiya lau. Inna ta shafa ta tabbatar. Sannan ta ɗaga murya.

"Auta, zo da almakashinka. Ka rufo ƙofa."

Haka muke yanzu. Duk mako ana rufe ƙofa, Inna ta riƙe Attajiri a cinya tana ba shi karas, baban yara ya bi shi a hankali da almakashi ya kwashe abin da ya tsiro. Ni na saƙa masa 'yar riga saboda sanyi, wannan kam na sa hannu. In Alhaji ya zo duba famfo ya ce, "Maman yara, gashin fa?" sai in ce, "Bai dawo ba tukuna, Alhaji." Na auna maganar ta kowane gefe, ban ga ƙarya a cikinta ba. Duk da haka ina ƙara istigfari a bayanta.

Baban yara yanzu cewa yake tun farko dabarar da ya shirya ke nan. Matsalar ita ce mu biyu kaɗai zai iya faɗa wa, ni da Inna, mu kuma ba ma tafi. Aiki ɗaya a rayuwarsa ya yi nasara, kuma an hana shi bakin faɗa. Har ramewa yake yi. Jiya na wuce ta ƙofar shago na ji yana ce wa direba, "Akwai wani babban aiki da nake yi a asirce duk mako," sai da na tsaya na yi tari sau biyu kafin ya haɗiye sauran.

Don haka, ƙawata, don girman Allah ki bar wannan a cikinki, ko maigidanki kar ya ji. Baki ɗaya nake gadi a gidan nan, kuma ya ishe ni aiki.